Gashin Bakin Radule

A ƙauyenmu na Smrekova, inda dusar ƙanƙara ke toshe hanyar mota wata huɗu a shekara, an yi wani mutum ana ce masa Radule. Allah ya ba shi abu biyu da babu mai irinsu a duk kwarinmu: gashin baki da kuma bakin kansa. Gashin baƙi ne wuluk, ya miƙe hagu da dama kamar ƙahon bajimi, kullum yana shan mai. Bakin kuwa ba ya hutawa. In ka ce ka hangi kyarkeci a daji, Radule ya taɓa kokawa da uku. In ka ce ka sha sanyi, shi akwai shekarar da tarinsa ya daskare a iska.

Matarsa Zorka ta shekara ashirin da shida tana sauraro, har ta gano abin da shi kansa bai sani ba. Duk lokacin da zai shara ƙarya, sai hannunsa na dama ya tashi ya kama gefen gashin bakin yana murzawa. Shi ya sa gefen dama ya fi na hagu tsini.

Wata rana da hantsi, tsakiyar sanyi, maza sun cika shagon Mitar. Mitar shi ne mai askinmu, shi ne mai gahawarmu, talabijin ɗinsa kuma ya fi na kowa girma. Ana nuna fim ɗin wasu samarin birni sun ɗaura katakan zamiya suna sulalowa daga kan dutse, ƙanƙara na tashi bayansu kamar gari. Kowa ya zuba ido yana kallo. Radule ya yi tsaki.

"Wannan shi ne fim?" in ji shi. "Inji ya ja su sama, inji ya share musu hanya. Ko kakata ta yi wannan, Allah ya jiƙanta."

"To ai kai ka fi su," in ji Mitar, yana wasa aska bai ko ɗago kai ba.

"Ni da na yi soja? Ni na koya wa bataliya guda zamiya."

Hannu ya tafi gefen dama. Mu kuwa duk mun san a bakin teku ya yi sojansa, yana feraye dankali. Zamiyar da ya iya ita ce wadda kowa ya iya a nan, ta zuwa gidan maƙwabci aron wuta.

"Fim na gaske," in ji Radule, ya miƙe tsaye, "mutum ɗaya ne da dutse ɗaya. Ba sawu, ba turba, ba kowa. Fari fat, sai namiji guda yana gangarowa cikin alkyabbar kakansa, jan hayaƙi na binsa. Daga ƙolin Farin Mayafi har ƙasa. Wannan ita ce fasaha."

Farin Mayafi gangare ne da ko awaki ke ratse masa da rani. Wani ya ƙware da gahawa.

"Faɗa da baki," in ji Mitar.

Nan take Radule ya tsige gashi ɗaya daga gashin bakinsa ya ɗora a kan tebur. A wurinmu in namiji ya yi haka, magana ta wuce wasa. Mitar ya ajiye aska, ya ɗauki gashin da ladabi, ya sa a cikin kwalin ashana, ya ɗora a kan kanta kusa da madubi.

"Saura kwana goma sha biyu idin coci," in ji Mitar. "Ranar idi ka kawo fim mu gan ka da idonmu kana gangarowa daga sama har ƙasa, a kan ƙanƙarar da ƙafa ba ta taka ba. In babu, wannan kujerar, wannan askar, 'yan'uwan wannan gashin duka."

"Ka tanadi kujerun kallo," in ji Radule.

Da ya koma gida ya gaya wa Zorka, ta dube shi, ta dubi gashin bakin, ta ci gaba da tuƙa kacamak ɗinta na garin masara da dankali.

"Ba ki ce komai ba."

"Allah ya kiyaye hanya, maigida. Ka sa safa biyu."

Mai ɗaukar hoto ɗaya gare mu a kwarin, Obrad, kuma shi ne kum ɗin Radule, wanda ya tsaya masa ranar aure. Kum ba ya ce wa kum a'a. Obrad mutum ne mai sanyin hali, ya shekara talatin yana ɗaukar bikin aure da na baftisma, bai taɓa taɓa kyamara ba sai da baƙar kwat da fure a aljihu.

"Kum, mutum nawa za a gayyata?" ya tambaya.

"Babu kowa."

"Babu kowa? To wa zan ɗauka?"

"Ni."

"Kai da wa?"

"Ni da dutse, Kum! Ni ne darakta, ni ne jarumi. Kai ka riƙe kyamara ka yi shiru."

Obrad ya ce to. Ya sa kwat ɗinsa a ƙarƙashin rigar fatar tunkiya, ya soke furen roba.

Suka tashi da asuba ba su gaya wa kowa ba. Akwai gajeriyar hanya da ke ratsa gindin Farin Mayafi zuwa bukkokin da makiyaya ke zama da rani, amma Radule ya ce ba za su ɓata ƙanƙararsa da sawunsu ba. Suka zagaya ta dajin dogayen itatuwan da ake kira fir, wuni guda, Obrad na ɗauke da kyamara da buhun abinci da katakan zamiya, Radule na ɗauke da alkyabba da tunani. La'asar sakaliya suka isa bukka. Ga Farin Mayafi a gefensu, shimfiɗe daga sama har kwari, ko tsuntsu bai taka ba. Radule ya ɗaga kai ya dubi ƙolin. Daga shagon Mitar bai kai haka tsawo ba.

"Hura wuta, Kum," ya ce. "Gobe sai tarihi."

To, mu nan, in aka ga hayaƙi na tashi daga bukkokin makiyaya a tsakiyar sanyi, ba a tsayawa tambaya. Wani ne ya maƙale. Maza sai su jeru, na gaba ya fasa ƙanƙara da gwiwa da ƙirji, in ya gaji ya koma baya na biye ya karɓa, har a fitar da turba zuwa ƙofar. Radule a nan aka haife shi, ya san haka. Sai dai duk ranar fasa turba bayansa ke ciwo, saboda haka abin bai zauna masa a ka ba.

Washegari ya yafa alkyabba, ya sa jar hular kakansa, ya gyara gashin baki, ya buɗe ƙofa. Sai ga maza goma sha huɗu a jere, sun tsaga gindin Farin Mayafi gida biyu da turba mai faɗin keken shanu. Mitar ne a gaba, yana haki.

"Ashe ku ne!" in ji Mitar. "Mun ce ko wani bawan Allah ne ya ɓata."

"Kun kashe ni! Kun taka min ƙanƙara!"

"Taka ce? Ba mu ga sunanka a kai ba. Ungo, Zorka ta ce in kai ne, ka manta safa ta biyu."

Suka shigo suka sauke kacamak, da cuku, da busasshen nama, da barasar gida mai ƙona maƙogwaro. Radule ya juya zai kai ƙara wurin kum ɗinsa, sai ya tarar Obrad ya riga ya tuɓe rigar fata, ga kwat ga fure, kyamara a kafaɗa.

"Manya a zaune, dogaye a baya! Mitar, goge bakinka. Wanda ke da ɗa a Jamus ya ɗaga hannu ya gaishe shi."

"Kum! Me kake yi?"

"Baƙi sun zo, Kum. Ya za a yi mutum ya taka tun daga ƙauye bai fito a hoto ba? Sai a yi gaba da ni har kabari."

Aka ci aka sha, aka koma ta turbar da aka zo, aka ƙara mata faɗi.

Sai jiran sabuwar ƙanƙara. Kwana uku Radule na zaune bakin ƙofa yana zagin sararin sama. Rana ta huɗu ƙanƙarar ta sauko, ta shafe turba kamar ba a taɓa yi ba. Radule ya debo ƙanƙara cike da bokiti ya juye a murhu.

"Kum, wutar!"

"Hayaƙi ne ke kawo su. Babu hayaƙi, babu su."

"Amma ai yanzu sun san muna nan. In suka ga..."

"Wane ne darakta?"

Obrad ya ƙara naɗe kansa da bargo.

Gari ya waye garau. Obrad ya kafa kyamara. Radule ya fito ya dubi ƙolin ya daɗe.

"Hasken bai nuna ba," ya ce, hannu a gefen dama. "Ya yi fari da yawa."

"Ƙanƙara ce, Kum."

"Kai bikin aure ka sani. Gobe."

Gobe ta yi, ya ce iska na kaɗawa ta inda alkyabba ba za ta yi kyau ba. Suka wuni suna gwaguyar burodin da ya daskare kamar tubali. Gashin bakin ya yi ƙanƙara, ya sunkuyo ƙasa.

A rana ta uku ba wuta, wajen azahar, Radule na kwance cikin bargo uku sai ya ji wata murya daga nesa, siririya, tana hawa tana sauka. Ya san muryar. Duk Smrekova babu wanda bai san ta ba, sai dai wanda ake yi wa ba ya ji. Gwaggo Darinka ce, mai kukan mamatanmu.

Hayaƙi ya ɗauke kwana biyu a bukkar da aka san da mutane a ciki. Ma'anarsa ɗaya ce. Wannan karon ba goma sha huɗu suka zo ba, ƙauyen ne ya taso. Maza a gaba suna fasa turba ta tsakiyar Farin Mayafi, biyu biyu don gaggawa. Bayansu Fada Serafim, limamin cocinmu, da doguwar hularsa, sai keken jan kaya guda biyu da aka shimfiɗa wa barguna, sai mata cikin baƙaƙen kaya.

Radule ya fito ƙofa a guje, bargo a ka. Mata biyu suka yi ihu. Zorka ta dube shi sama da ƙasa.

"Na ce muku bai mutu ba," ta ce. "Da ya mutu da ya aiko ya faɗa mana irin mutuwar da ba a taɓa yi ba."

"Ku koma! Ku koma! Ƙanƙarata!"

"Ba inda za ni," in ji Gwaggo Darinka, tana dogara sanda. "Tun daga ƙauye nake tsara kukan nan. Ka san wahalar da na sha kafin in samo abin yabo a kanka? Ba zan mayar da shi gida ba. Zauna."

"Gwaggo, da raina fa."

"Wannan matsalarka ce. Zauna na ce."

Babu mai yi wa Gwaggo Darinka musu. Aka zaunar da Radule a kan keken da aka kawo don gawarsa. Ta dafa kafaɗarsa, ta rufe ido, ta ɗaga murya:

"Wayyo Radule, gashin bakin kwarinmu,
wa zai ba mu labarin kyarketai,
da bara uku ne, bana bakwai?
Wayyo sojan da teku ta sani,
dankali na kuka, wuƙa ta yi marainiya.
Wa zai yi mana ciwon baya
ranar da maza ke fasa turba?"

Mata suka amsa da kuka, wasu har da hawayen gaske. Maza suka cusa huluna a baki. Obrad na durƙushe a gabanta da kyamara, hawaye na zubo masa a kan kwat.

"Kum, kashe abin nan!"

"Ba zan iya ba, Kum. Ba ta taɓa yin mai daɗin wannan ba."

Da aka gama, Fada Serafim ya gyara murya ya tuna wa jama'a cewa wanda aka yi wa kukan mutuwa da ransa, dole washegari a gasa masa ɗan rago a ci a daidai inda aka yi kukan, don a wanke abin. Radule ya roƙa, ya yi fushi, ya yi barazana. A ƙarshe abin da ya samu shi ne alkawari cewa za su taso tun cikin dare su zagayo ta dajin fir, ba za su taka gangaren ba, kuma ba za su iso ba sai rana ta take tsaka.

"Ka huta da zuciyarka," in ji Mitar, yana nuna gajimare. "Ga wata ƙanƙarar nan tafe. Gobe jajiberen idi. Na wasa aska, har gashin hannuna na gwada."

Ƙanƙara kuwa ta sauko. Da safe Farin Mayafi ya koma sabo fil, sama shuɗiya, iska ta kwanta. Radule ya nemi abin da zai ce game da haske, bai samu ba. Ya kafa Obrad a kan wani tudu kusa da bukka, ya juya kyamara ta fuskanci ƙolin.

"Rantse, Kum. Ko coci ce ta kama da wuta ba za ka juya ba."

"Na rantse."

"Da ka ga jan hayaƙi, ka fara."

Gwangwanin hayaƙin irin na masu jirgin ruwa ne, wani ɗan'uwansa na bakin teku ya ba shi. Ya ɗaure shi a bayan ɗamara, igiyar kunnawa na lilo. Ya saɓa katakai da sandar dogarawa ya bi ta kan duwatsun gefe. Awa biyu yana hawa. Da ya kai, ya ɗaura katakan, ya matsa bakin gangare, ya leƙa.

Bukka ta koma kamar kwalin ashanar Mitar. Obrad ɗigon tawada.

Ya ja da baya. Ya gyara hula. Ya sake leƙawa, gangaren bai rage ba. Ya yi addu'ar da ya sani, ya fara wadda bai sani ba. Ya shafa gashin bakinsa gefe da gefe kamar mai ban kwana. Rana ta yi ta hawa yana tsaye. Da a ce ya sauko a lokacin da ya isa, da babu kowa a wurin sai kum ɗinsa. Amma sai da rana ta take tsaka sannan dabara ta zo masa: zai ce katako ɗaya ya tsage. Wa zai aske mutum a kan laifin katako? Hannunsa ya murza gefen dama da jin daɗi. Ya sunkuya zai kwance ɗaurin.

Igiyar gwangwani ta maƙale a kan sandarsa.

Wani abu ya yi huci a bayansa kamar kyarketai bakwai ɗin sun zo karɓar bayani. Radule ya zabura gaba. Gaba kuwa babu komai sai Farin Mayafi.

"Wayyo Innaaaa!"

Tsoro ya ƙage gwiwoyinsa a lanƙwashe, daidai yadda masu koyarwa ke so. Ya so ya faɗi, jikinsa ya ƙi. Ya karkata hagu don ya kauce wa mutuwa, katakai suka yanko kwana mai kyau. Ya karkata dama, suka yanko wata. Alkyabba ta buɗe kamar fikafikai. Wani dutse ya taso gabansa, ya rufe ido, ya ji ƙasa ta ɓace, ya yi iyo a iska har ya tuna da zunubansa biyu, ya dira a kan ƙafafunsa. Ya wuce ta bayan bukka kamar harsashi, ya faɗa kwari, ya ratsa tsakanin itatuwa, gudu ya yi ta raguwa har ya tsaya cik a bakin daskararren rafi. A tsaye.

Ya taɓa kansa, yana nan. Ya taɓa gashin baki, yana nan. Ya waiwaya. Ta tsakanin itatuwa ya hango layi ɗaya tal, siriri, ya lanƙwasa daga ƙoli har ƙasa, jan hayaƙi na kwance a kansa. Tunda uwarsa ta haife shi, yau ce rana ta farko da ya ce zai yi abu ya yi. Radule ya zauna a ƙanƙara ya yi kuka.

Hawa daga kwarin ya ɗauke shi fiye da awa. Yana tafe yana tsara abin da zai gaya wa Mitar. Da ya ɓullo daga cikin itatuwa sai ya tsaya.

Mutanen ƙauye ne, su arba'in, a kan Farin Mayafi. Sun bazu daga wannan gefe zuwa wancan, kafaɗa da kafaɗa, kowa da doguwar sanda yana caka ƙanƙara yana kiran sunansa. Sun ji ihu, sun waiwaya sun ga jan hayaƙi babu mutum, sun ce ƙanƙara ta binne shi. Sun bi layin nan nasa taki ɗaya ɗaya, suna tona shi da shebur. Gangaren ya koma kamar gonar dankali bayan girbi.

"Ga shi can!" wani ya yi ihu. "Ya sake ƙin mutuwa!"

"Kun gani?" in ji Radule. "Kun ga saukowata?"

Aka dubi juna.

"Kum," ya ce a hankali. "Kai dai ka ɗauka."

Obrad ya sunkuyar da kai yana gyara furen aljihu.

"Awa huɗu ina kallon dutse, Kum, ban ƙifta ba. Sai na ji kiɗan akodiyon. Sun ɓullo daga daji da rago a kan sanda, ana kiɗa. Ban san lokacin da na juya ba, ƙafafuna ne. Amma kada ka damu, na jera su dutsen na bayansu. Wataƙila ka fito."

Ranar idi bayan an fito coci, shagon Mitar ya cika har taga. Fim ɗin awa uku ne. Ya fara da fuskar Radule a cikin zanen zuciya, kurciyoyi biyu na riƙe da zobe, don injin Obrad ba shi da wani ado sai wannan. Daga nan aka ga maza goma sha huɗu suna cin kacamak, kowa na gaida ɗansa na Jamus. Aka ga kukan Gwaggo Darinka, jama'a suka ce a maimaita, aka maimaita sau biyu. Mutane na nuna kansu suna ihu. Fada Serafim ya ce bai taɓa ganin fim mai ma'ana irin wannan ba.

Sai aka zo wurin rago. Ga jama'a a jere sun ba dutse baya, Obrad ya matso da hoton don kowace fuska ta fito. Dutsen ya rage ɗan ƙyalle a sama. Muryar Obrad na cewa kowa ya dubi nan, kada wanda ya motsa.

"Ga shi nan! Ku duba!" Radule ya yi tsalle.

Wani jan zare ya ɓullo a kusurwar sama, ya shige bayan hular Fada Serafim, bai sake fitowa ba. Sai murya daga nesa, siririya, doguwa: "Wayyo Innaaaa!"

Shago ya kece. Aka mayar baya aka sake ji. Wani tsoho ya faɗo daga kujera.

"Muryar taka ce, wannan babu musu," in ji Mitar yana share hawaye. "Hayaƙi ma mun gani. Kai ne ba mu gani ba. Wa ya sani ko gwangwanin ka gangaro, kai ka zagayo ta kan duwatsu? To ba mu labari. Mikiya nawa ka wuce a sama?"

Radule ya zauna a kan benci, ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa.

"Ban wuce mikiya ba," ya ce. "Tsoro na ji. Na tsaya awa biyu. Na sunkuya zan kwance katako in ce ya tsage, igiya ta maƙale, abin ya yi huci, na zabura. Ban faɗi ba don na kasa faɗuwa ne. Na tsallake dutse ɗaya ido a rufe. Na tsaya a bakin rafi. Shi ke nan."

Aka jira sauran. Babu saura.

"Haba Radule," in ji Gwaggo Darinka. "Shekara talatin kana mana ƙarya mai gishiri, yau ranar idi ka kawo mana wannan lami? Ko kyarkeci ɗaya babu?"

"Tsufa ne," in ji wani. "Basirar ta fara tafiya."

Radule ya waiga yana neman mai ceto. Obrad na duban ƙasa. Zorka na tsaye bakin ƙofa, idonta a kan hannayen mijinta da ke kwance a gwiwa ba su motsa ba. Ta daɗe tana dubansu. Sai ta gyara ɗankwalinta ta dubi silin.

Mitar ya sauko da kwalin ashana, ya karkaɗe kujera, ya kaɗa kumfa. Ya fara da gefen dama, ya ce shi ya fi shan aiki, ya kamata ya riga hutawa. Obrad ya ɗauki askin tun daga farko har ƙarshe, bai juya ko sau ɗaya ba.

Da la'asar suna tafiya gida a kan turba, Radule ya rufe baki da gyale, iska na shiga inda ba ta taɓa shiga ba. Zorka na biye da shi.

"Maigida."

"Mene ne kuma?"

"Na san ka sauko dutsen nan. Gaskiya ka faɗa."

Ya tsaya cik, har ta kusa karo da shi.

"Kin sani? Ta yaya?"

"Na dai sani."

"To me ya hana ki buɗe baki? Kina tsaye aka yi min wannan wulaƙanci!"

Ta miƙa hannu ta janye gyalen, ta karkata kai tana dubansa, ta wannan gefe da ta wancan.

"Shekara ashirin da shida ina tsince kacamak a cikin dajin gashin nan," ta ce. "Na ce bari dai in ga wanda na aura. Ba laifi. Wuce mu je, miya na hucewa."